Kumfar Baba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Haka mutanenmu suke, uba yana jin kunyar ɗansa na fari, kuma Baba ya taho da wannan kunyar tun daga Gaya ta Nijar har Greensboro ta Amurka bai zubar da ko kaɗan a hanya ba. Idan yana nemana sai ya ce wa Mama, "Ina yarinyar nan?" ko da kuwa ina zaune a gabansa ina aikin makaranta a teburin cin abinci. Ni ma ban taɓa kallonsa ido cikin ido ba. Na san takalmansa na aiki sarai, masu ƙarfe a baki, na san tabon da ke bayan hannunsa na hagu, amma fuskarsa daga gefe kawai na santa. Duk abin da nake son gaya masa, Mama nake gaya wa, ita ta kai.

Ina shekara goma sha biyar malaminmu na kimiyya ya raba wata takarda a aji. Wani shago ne da ke koyar da nutso da tankin iska, za su karɓi ɗalibai daga makarantarmu. Ni ba mai ɗaga hannu ba ce a aji, amma na ɗauki takardar. Ina tsammani hoton da ke jikinta ne ya ja ni: mutum a rataye cikin shuɗin ruwa, ba mai yi masa magana, ba mai jiran ya ce komai. Ta kwana huɗu cikin jakata kafin na ba Mama.

Da yamma Baba ya dawo daga siton da yake tuƙa injin ɗaga kaya, can bayan Wendover. Mama ta ajiye masa takardar a gefen kwanon tuwo. Ina kicin ina wanke-wanke, na rage famfo don in ji.

"Mene ne wannan?"

"Yarinyarka ce take son shiga ruwa."

"Da su wa?"

"Da 'yan lakwal ɗinsu, 'yan makarantarsu."

"Maza da mata?"

Na riga na fara ɗauraye kwanon ƙarshe, na san an gama magana. Sai na ji ya ce, "Dakor, na yarda. Amma ƙafata ƙafarta. A rubuta sunana ni ma."

Kwanon ya kusa suɓuce mini. Mama ta kwashe da dariya. "Kai? Da wannan tumbin? A wace riga za su cusa ka?"

"Hajiya, kin manta ɗan wa kika aura."

Na san kakannina Sarkawa ne, masunta a bakin kogin Kwara. Amma sani ne irin na labari. Mutumin da na sani ba ya shiga ruwan da ya wuce na banɗaki.

Ranar farko a tafkin koyo, malamar ta ce kowa ya yi iyo ta gani. Baturiya ce mai kusan shekara sittin, gajeren gashi, fatarta duk rana ta ƙona, muryarta a dishe. Yara suna ta fantsama ruwa. Baba ya sulale daga bakin tafkin ba ƙara, ya bi ta ƙasa har wancan bango, ya juyo, ya dawo, bai ɗago kai ba ko sau ɗaya. Da ya fito ko haki ba ya yi. Malamar ta tsaya da allon rubutu a hannu, baki buɗe. Ni kuwa ina tsaye cikin rigar roba mai hular da ta rufe mini gashi, da tsohuwar rigar Baba da Mama ta rage mini in ɗora a sama har gwiwa, ina kallon wani mutum da ban taɓa gani ba.

A mako na biyu malamar ta zo da balan-balan ja. Ta nutsa da shi can wurin da tafkin ya fi zurfi, ta hura shi da iskar tankinta har ya cika, ta ƙulle bakin, ta sake shi. Muna kallo yana hawa yana ƙara kumbura, kafin ya kai sama ya fashe. Da muka fito ta ɗaga guntun robar ta ce huhun mutum ke nan. Iskar da aka shaƙa a ƙasa a matse take, idan mutum yana hawa sai ta buɗe, in ya rufe baki ba ta da hanyar fita sai ta yaga inda take. Ta ce doka ɗaya ce ta fi kowace: kada a riƙe numfashi, ko na daƙiƙa. Idan regileta, wato abin da muke shaƙa da shi, ta fita daga baki, a riƙa sakin 'yan ƙananan kumfa har a mayar da ita.

Muka durƙusa a ƙasan tafkin a jere, kowa ya cire tasa ya mayar. Baba yana gefena, domin shi ne abokin nutsona; kowa da nasa, kuma an ce kada a rabu. Da malamar ta zo gabansa ya cire, ya saki kumfa siririya mai kyau, ta ba shi hannu. Tana juyawa ga na gaba ya sake cirewa don ya gyara robar da ake ciza. Leɓɓansa suka haɗu tsam. Na ƙirga a zuciyata har goma sha biyu. Babu kumfa ko ɗaya.

Na ce wataƙila sau ɗaya ne. Na sa ido a mako na gaba, da wanda ya biyo. Duk lokacin da malamar take kallo, akwai kumfa. Duk lokacin da ba ta kallo, babu. Ba wai yana ɓoyewa ba ne. Bai ma san yana yi ba.

Dalilin na ji shi a falo, yana ba Mama labari. Ya ce idan taru ya sarƙe a saiwar itace a ƙasan kogi, su yara ake turawa su kwance. Mahaifinsa yakan tsaya a kwalekwale yana kallon ruwan. In ya ga kumfa ta taso, ya san yaron yana zubar da iskarsa a banza, kuma yana fitowa zai sha filafili a baya. "Ni tun ina shekara tara," in ji Baba, yana murmushi, "ba a sake ganin kumfata ba."

Washegari na sami Mama tana yanka albasa, na gaya mata komai, har da balan-balan. Da Turanci na yi bayanin don ya fi fito mini daidai, ta amsa da Hausa.

"Ke yanzu so kike in je in ce wa babanki bai iya ruwa ba?"

"Ba haka ba ne, Mama. Ya iya ne ya yi yawa."

"To, Allah ya ba mu irin wannan matsalar."

Amma ta gaya masa, ina ji daga ɗakina. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ki ce mata na ji."

Saura malama. Sau biyu na je na tsaya kusa da ita bayan darasi, tana naɗe igiya. Ta ce, "Da tambaya ne, 'yata?" Na farko na tambaye ta yadda ake hana gilashin fuska yin hazo. Na biyu na ce babu komai. Ban san yadda ake kai ƙarar uba wajen baƙuwa ba, a ce ga abin da yake yi ba daidai ba, yana tsaye can yana ɗaukar mini tankina.

Muka sami katin farko na shaidar mun iya nutso da bazara. Na zaci shi ke nan. Sai ga Baba ya gano cewa akwai wasu darussa, kowanne da katinsa: na kamfas, na zurfi, na ceto. Ya sa katin farko a bayan lasin tuƙinsa, yana nuna wa abokansa a ƙofar masallaci ran Juma'a, suna tsokanarsa wai ya tsallako teku a jirgin sama don ya koma cikin ruwa. Muka yi na kamfas a wani tsohon ramin fasa dutse da ya cika da ruwa, tafiyar fiye da awa guda, a wuce McLeansville gidaje suna ta raguwa har su koma gonaki. A wannan darasin ni ce a gaba. Baba ya ce ruwan da ba ya gudu ba shi da gabas ba shi da yamma, don haka ya riƙe gefen rigata yana bi. Regileta ba ta fita daga bakin kowa ba, na fara cewa a raina wataƙila ba za ta taɓa fita ba.

Nutson katin zurfi ya faɗo wata Asabar da ganye ya fara ja. Mu shida ne da malama. Za mu bi igiya mu sauka ƙafa saba'in, inda aka kafa wani dandamalin katako, mu yi 'yan gwaje-gwaje, mu hau a hankali. Kafin shiga, kowa ya duba kayan abokinsa. Na duba ɗamarar Baba, na duba gejin iskarsa, na ja regiletarsa ta ajiya mai launin rawaya na ga tana aiki. Shi ma ya duba nawa. Duk idonmu a kan ƙullaye.

Ruwan sama kore ne, da ɗumi-ɗumi. Wajen ƙafa talatin muka ratsa wani layi, sanyi ya kama mini leɓe kamar an buɗe firij a fuskata. Daga nan haske ya yi ta raguwa. A dandamalin malama ta fito da wani allo mai launuka ta haska da tocila don mu ga yadda ja yake komawa baƙi a zurfi. Na tuna akwai wani ƙaramin kifi da ya tsaya daidai gwiwar Baba yana kallonsa.

Wani ɗalibi da ke gabanmu ya rasa daidaito, ƙafafunsa suka tashi sama, ya yi ta harbi don ya dawo. Laka ta tashi daga katakon. Malama ta juya ta kama shi. Cikin wannan harbin, takalmin iyonsa ya bugi fuskar Baba, regileta ta fita daga bakinsa ta yi lilo can bayan kafaɗarsa.

An koya mana yadda ake lalubo ta, kuma Baba ya yi wannan a tafki ba kuskure. Ya kai hannu sau ɗaya bai same ta ba. Abin da har yau yake tsaya mini shi ne, bai firgita ba. Da ya firgita da wataƙila ya yi ihu, iska ta fita. Fuskarsa ta kwanta luf. Ya haɗe leɓɓansa, ya ɗaga kai ya dubi inda haske yake, ya haɗa hannuwansa a jiki, ya tura katakon da ƙafa. Ya tashi sama sumul, kyakkyawan tashi, irin na ranar farko a tafki.

Babu kumfa.

Ban yi tunani ba, ko kuma abin da na yi tunani shi ne jan balan-balan. Na cafki idon sawunsa yana wucewa. Ya ja ni sama da shi, ƙarfinsa ya fi nawa nesa. Na hau jikinsa da hannu kamar mai hawan itace, daga ƙafa zuwa ɗamara zuwa madaurin ƙirji, ɗaya hannun yana sakin iskar rigar da ke taso da ni sama don in yi nauyi. Muka zo fuska da fuska. Na nuna bakina, na nuna nasa. Idonsa yana sama, bai ma gan ni ba, ƙafafunsa suna ta aiki. Na girgiza shi. Leɓɓan nan ba su motsa ba.

Sai na dunƙule hannu na naushe shi a ciki, ƙasan haƙarƙari. Ruwa yana rage ƙarfin hannu, na farko bai yi komai ba. Na riƙe madaurin da kyau na ja shi gare ni na sake, da duk abin da nake da shi, har da gwiwa.

Iska ta fashe daga bakinsa, kumfa manya-manya suka rufe mu, ban ga komai ba. Na fizgo regiletata ta rawaya na tura cikin kumfar inda nake zaton bakinsa yake, ina danna maɓallin da ke korar ruwa. Na ji haƙoransa sun kama. Na ji ya ja, ya yi tari a ciki, ya sake ja. Hannun malama ya zo ta bayana ya riƙe mu duka biyu ya kai mu ga igiya. Na dubi geji: ƙafa hamsin da takwas.

Muka hau a hankali, hannu bayan hannu. A ƙafa goma sha biyar dole a tsaya minti uku kafin a fita, kuma da yake iskar tankina yake shaƙa, bututun bai kai tsawon hannu ba. Dole muka tsaya gaba da gaba, ina riƙe da madaurinsa, yana riƙe da nawa. Babu wani wurin da zan kai idona. Minti uku cur ina kallon idon Baba ta cikin gilashi, shi ma yana kallon nawa. Akwai wani ɗan ɗigo baƙi a farin idonsa na dama. Shekara goma sha biyar ban sani ba.

A bakin ruwa malama ta zaunar da shi ta sa masa abin shaƙar iskar asibiti. Tana ta tambaya: ƙirji yana ciwo, yana ganin jiri, ya ɗaga hannu biyu, ya yi tari ta ga ko da jini. Babu. Ta juyo gare ni, ta riƙe kafaɗuna ta ce na yi daidai, ta tambaye ni yadda aka yi na gane da wuri haka.

Na ce ina kallon bakinsa ne.

"Me ya sa kike kallon bakinsa?"

Na sunkuyar da kai.

"Kin taɓa ganin ya yi haka?"

Na gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Tun a tafki."

Ta sake kafaɗuna. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce wata biyar ke nan, kuma kullum tana tsaye inda zan iya taɓa ta. Ta ce da hannuna ya zame daga ƙafarsa, da yanzu wani abu muke yi dabam. Baba yana zaune a kan akwatin kaya da abin shaƙa a fuska, yana jin kowace kalma. Turancinsa ya isa ya gane.

Ta ce lallai mu biya asibiti, muka biya. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ce huhu lafiya lau, amma a sa ido kwana biyu. A mota ba rediyo, ba magana. Ina kallon hannuna a cinya. Na doki mahaifina. Duk yadda na juya abin, nan yake dawowa. Sai da muka tsaya a danja a Wendover, motoci sun cika ko'ina, sannan ya yi magana, kuma da ni yake, ba da gilashin mota ba.

"Ban ji tsoro ba, kin sani."

"Na sani, Baba." Da Hausa na amsa.

"Jikina ne ya tafi. Ni ban aike shi ba."

Danja ta ba da hannu, muka wuce.

Mama tana kicin da ludayi a hannu. Ta dube mu ta ce, "Lafiya? Ina katin?"

Baba ya zauna yana kwance takalmi. "Yarinyarki ta naushe ni."

"Ta me?"

"Sau biyu. Har da gwiwa."

"Innalillahi! Ke! Uban naki?" Ludayin ya faɗi, miya ta fantsama a tayil. Na tsaya a bakin ƙofa da jakar kaya tana ɗiga.

"Bar ta, Hajiya," in ji shi. "Zauna in gaya miki."

Ya ba ta labarin tun daga laka har asibiti, bai rage komai ba, bai ƙara wa kansa komai ba. Da ya zo wajen kumfa Mama ta zauna a kan kujera ta rufe baki da hannu. Ta dube ni. Ta ce a hankali, "Balan-balan ɗin nan." Na ce e. Har muka gama cin abinci, duk bayan ɗan lokaci takan ce masa ya ja numfashi ta ji.

An ɗage mana nutson zuwa mako biyu. A kwanakin nan ba wanda ya ta da maganar, kuma na ɗauka an rufe ta, ni da shi duka. Ranar Asabar ɗin da safe sai na ji yana ce wa Mama, "Ki ce wa yarinyar nan ta shirya."

A bakin ramin dutse ya buɗe bayan mota. Tanki ɗaya ne a ciki, da jaka ɗaya. Ya ɗauka ya kai mini har kan katakon shiga ruwa, sannan ya je wajen malama. Da Turancinsa na sito ya ce mata shi ya gama. Ya ce abin da aka koya wa jiki da filafili, kati ba zai cire shi ba, kuma ba zai sake sa yarinya ta yi abin da ta yi ba. Ya ce ita malama ta zama abokiyar nutsona yau. Malama ta dube shi, ta dube ni, ta ce da sharaɗin duk abin da na gani zan faɗa a take, ko kunya za ta kashe ni. Na ce to. Muryata ta fita ƙarama, ta sa na maimaita.

Muka sauka. Layin sanyin yana nan, dandamalin yana nan, har da alamar da gwiwoyinmu suka bari a laka. Na yi gwaje-gwajen duka, malama ta ba ni hannu. A hanyar hawa, da gejina ya nuna hamsin da takwas, wani abu ya tokare mini maƙogwaro na ɗan lokaci, sannan ya wuce. A ƙafa goma sha biyar na ɗaga kai. Ta cikin koren ruwan na hango ƙarshen katakon, da inuwar mutum a tsugune, ya sunkuyo yana kallon ruwa, bai motsa ba har minti ukun suka cika.

Da na fito ya karɓi takalman iyona, ya miƙo hannu ya ja ni sama. Malama tana cewa na ci, kati zai zo ta gidan waya. Baba bai saurare ta ba.

"Sau ɗaya ta yanke," ya ce mini.

"Me, Baba?"

"Kumfarki. Tata manya ce, taki ƙanana, na bambance su. Kuna hawa, taki ta yanke. Na ƙirga huɗu."

Na tsaya ruwa yana zuba daga rigata. Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, sai na tuna hamsin da takwas.

"Gaskiya ne," na ce.

"To, je ki gaya mata," in ji shi, ya nuna malama da haɓa. Ya ɗauki tankin ya nufi mota, ni kuma na je na gaya mata.